Jar Fitilar Dalhatu

In kana neman mutumin da ya san komai a ƙasar Tasawa, ka bar Hawandawaki ka bi hanyar yashi zuwa Kukar Sama'ila, ka tambayi gidan Dalhatu. Ba ma sai ka tambaya ba, muryarsa za ta tarye ka tun daga bakin rijiya. Dalhatu ya taɓa yin damina guda a Yamai yana gadin wani gareji kusa da babban filin wasa, kuma tun da ya dawo garin bai sake hutawa ba. A bakinsa ya san masu tuƙa jirgin sama, ya san abin da ke sa ƙwallo ta lanƙwasa a iska. Faransancinsa na wanda aka kora daga lekol, wato makarantar boko, tun yana aji biyu ne, amma da yake da ƙarfi yake faɗinsa yana ɗaga gira, tsofaffin garin sun sallama masa.

Shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar Gwanki ta Maraɗi ta hau babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wadda ake ce wa shampiyona, kuma mai tsaron ragarta ɗan garin ne, Rayyanu ɗan Na Allah. Na Allah makiyayi ne mai ƙarancin magana. Rayyanu ɗan farinsa ne, don haka bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cewa ɗana a gaban mutane ba, sai dai ya ce "wancan". Tun ranar da wancan ya jingine sandar kiwo ya tafi birni yana tare ƙwallo, tsohon ya ɗaure fuska, ko gaisuwarsa ta waya ba ya karɓa. Abin alfaharin da ya rage masa shi ne wani farin sa da ake kira Farin Wata. Dillalan Tasawa da na Mayahi sun yi zarya a kansa har sun gaji. Ko shekarar da fari ya karya garken mutane, Na Allah ya gwammace ya rage tuwonsa ya ba san dusa.

Samarin garin ba ruwansu da shampiyona. Su ƙwallon Turai suka sani, ita suke tafiya kallo Hawandawaki, in ka yi musu zancen ta gida sai su yi hamma. Saboda haka labarin Gwanki ya faɗo hannun Dalhatu shi kaɗai, domin shi ke da radiyon da ke kama shirin wasanni na Faransanci. Duk Litinin bayan la'asar sai ya ɗora radiyon a kan turmi gindin kuka, dattawa su kewaye shi, radiyo na faɗi yana fassarawa. Na Allah ba ya zama cikinsu. Can gefe yake tsugunawa yana tufka igiya, igiyar da har kakar wasa ta ƙare bai gama tufka ta ba.

Tun makonnin farko mai magana a cikin radiyo ya ce Gwanki ce ta goma sha huɗu. Dalhatu ya miƙe ya yi juyi, ya ce a yi wa Allah godiya. Liman, wanda ba ya son a yi godiya a kan abin da bai gane ba, ya tambayi ƙungiyoyi nawa ne duka. Dalhatu ya ce goma sha huɗu. Liman ya ce to ai kamar ita ce ta ƙarshe.

Dalhatu ya yi masa kallon tausayi ya ce, "Allah gafarta Malam, mai shanu goma sha huɗu da mai saniya guda, wa ya hi wani?"

Daga gefe aka ji Na Allah ya yi gyaran murya, alamar wannan lissafi dai ba shi da ja.

Daga nan mai radiyo ya shiga kiran Gwanki da "lantarn ruj" kowane mako. Duk wanda ya san harkar ya san wannan sunan tsiya ne da ake laƙaba wa ƙungiyar da ke can ƙarshen layi, kamar jar fitilar da ake ratayawa a bayan babbar mota. Dalhatu ya fassara rabin daidai. Ya ce ma'anarta jar fitila, kuma a Yamai ita ake ba wanda ya fi kowa don ya haska wa na baya hanya, shi da idonsa ya taɓa ganinta, tsawonta ya kai yaro ɗan shekara bakwai. Da mai radiyo ya yawaita ambaton Rayyanu kuwa, Dalhatu ya ce a duk ƙasar babu mai tsaron ragar da ya tara ƙwallaye a ragarsa kamar yaron nan. Wannan kam gaskiya ya faɗa, bai dai san ya faɗe ta ba.

Matarsa Zara'u ce kaɗai ba ta saye. Wata rana tana kai masa fura ta tsaya ta saurara, ta ce, "Malam, in su ne gaba, mi ya sa mai radiyon ga ke dariya duk sa'ad da ya ambace su?" Dalhatu ya ce dariyar murna ce, kuma mace da ba ta taɓa wuce kasuwar Tasawa ba ba ta da bakin shiga zancen ƙasa da ƙasa. Zara'u ta ce ita dai ta san dariyar murna, ta kuma san irin wadda ake yi masa in ya juya baya.

Haka aka yi ta tafiya har bazara ta kankama, Gwanki na riƙe da fitilarta ba wanda ya ƙwace. Sai ranar wata Litinin mai radiyo ya yi ta maimaita wata kalma, "desant". Dalhatu ya san wannan, don ya sha jin yaran mota na faɗinta a Yamai in fasinja zai sauka. Bai tsaya wata-wata ba ya kwashi dattawa suka hau tudun yashin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ya kira Rayyanu, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Rayyanu, wai gaskiya ne za ku sauka?"

Muryar Rayyanu ta fito a sanyaye. "Gaskiya ne, Baba Dalhatu. In ba wani ikon Allah ba, ranar Lahadi mun sauka."

"Ku duka?"

"Mu duka, har da mai horar da mu."

"To ina za ku sauka?"

"Dezyam dibiziyon mana, ina kuma?"

Nan rezo ya ɗauke. Liman ya yi hamdala, ya ce ashe yaran suna karatu a can, saukar Alƙur'ani ta ƙungiya guda ba ƙaramin abu ba ce. Dalhatu ya ce ba wannan saukar ba, saukar baƙi ce. Dezyam shi ne na biyu, dibiziyon kuma shi ne ɓangaren gida, wato gida na biyu. Ya juya ya nuna garin daga kan tudu, ya ce kowa ya ƙirga daga bakin hanya. Gidan farko na Bashiru mahauci ne. Na biyu kuwa na Dalhatu ne.

Kafin magariba labari ya kai kowane murhu: masu jar fitila za su zo da babbar motarsu su sauka gidan Dalhatu. Shi kuwa washegari da sassafe ya doshi garken Na Allah yana kiransa Ardo, sunan da ba ya ba shi sai in yana son wani abu. Ya ce baƙi irin waɗannan ba a tarbarsu da akuya. Ya ce in aka yi abin kunya, mutanen Chake za su ji, na Isawan za su ji, har a radiyo sai an faɗa. Na Allah ya ce yana da bijimai biyu matasa, a zaɓi ɗaya. Dalhatu ya girgiza kai, idonsa na kan Farin Wata.

"Ardo, wancan ne hwa za shi shigo da hitilar a hannu. Ka so a ce uban mai hitila ya ɓoye na kirki ya yanka na banza?"

Na Allah ya juya ya koma cikin garkensa. Kwanaki ya yi ba ya zuwa gindin kuka, ana ganinsa da yamma yana sosa wa san wuya yana yi masa magana da Fillanci. Yana son san nan kamar ransa, amma kewar ɗansa ta fi cinsa, ga shi ba shi da bakin faɗi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya wuce Bashiru mahauci ba tare da ya kalle shi ba, ya ce ya wasa wuƙarsa.

Dalhatu ya shiga shiri kamar wanda aka hura wa iska. Da farko ya bi gida gida ya tattaro tsofaffin fitilun ƙwai da tocila ta kora, ya sayo jan fenti daga Hawandawaki, ya baza su a ƙofar masallaci yana shafa wa gilasansu. Yana cikin yi wa yara bayanin yadda ake riƙe buroshi a Yamai, ragon Liman ya zo ya tura kai cikin bokitin. Da ya ji abin ba ruwa ba ne ya zabura da bokitin a ƙaho, ya bi ta kan shanyar matan liman, ya faɗa zaure ya goga jikinsa a farar rigar Juma'a. Liman ya fito riƙe da rigar yana salati. Dalhatu ya ce ai alheri ne, yanzu garin ya samu rago mai launin ƙungiya. Liman ya ce in ya ƙara magana zai samu limami mai launin ƙungiya, kuma ba zai ji daɗinsa ba.

Sai matsalar hanya. Yashin Kukar Sama'ila ko amalanke yana riƙewa, balle babbar mota. Dalhatu ya ce a ƙasashen da suka ci gaba kara ake shimfiɗawa. Da yake bazara ce kowa na ɓoyon karansa saboda dabbobi, ba wanda ya ba shi ko ɗauri guda, sai ya tuge darnin gidansa kakaf ya shimfiɗa a hanya. Zara'u ta dawo daga rijiya ta tarar da gidanta tsirara, tukwanenta da shimfiɗarta duk a idon masu wucewa. Ta tambaye shi ko baƙin nasa a fili za su yi wanka. Ya ce manyan 'yan wasa ba su son cunkoso. Da yamma garken Na Allah ya biyo ta hanyar za shi gida, shanun da suka yi wata da watanni ba su ga kara a banza ba. Kafin Dalhatu ya iso da gudu yana kaɗa hula, sun cinye titin tun daga farkonsa har ƙarshensa, Farin Wata ne ma a gaba.

Bai karaya ba. Ya kafa itatuwa biyu a bakin gari ya gicciya na uku a sama, ya kwance gidajen sauron gidansa ya ɗaura a baya, ya ce ƙofar maraba ce mai siffar raga. Ranar Asabar wani mai raƙumi da ya taso daga wajen Isawan da kayan gishiri ya zo wucewa yana gyangyaɗi. Raƙumin ya sunkuya ya shige, itacen sama ya sarƙe a kaya, ya tafi da ƙofar maraba gaba ɗaya gidajen sauro na jan ƙasa a bayansa. Dalhatu ya bi shi yana ihun "Orje! Orje!", kalmar da ya taɓa ji ana yi wa ɗan wasan da ya yi satar gida. Raƙumin bai yi lekol ba, bai waiwayo ba. Daren nan sauro ya yi biki a gida na biyu.

Ranar Lahadi da yamma radiyo ya tabbatar Gwanki ta yi desant. Dalhatu ya ce sun taso ke nan, gobe da hantsi suna nan. Litinin da safe aka jawo Farin Wata gindin kuka. Zara'u ta keta maza ta ce don Allah a dakata da yanka har a ga motar da ido, sa ba kaza ba ne da za a ce a kamo wata. Bashiru ya tsaya da wuƙa yana kallon Dalhatu. Dalhatu ya ce zakarun ƙasa ba su jiran nama, nama ke jiransu. Aka dubi Na Allah. Tsohon ya ɗora hannu a goshin san, ya daɗe a haka, sannan ya ɗauki sandarsa ya kora sauran garken daji bai waiwayo ba. Aka yi bisimilla.

Rana ta take tsaka, garin duka na bakin hanya. Makaɗa sun zo, tukwane na tafasa, yara da manya kowa riƙe da jar fitila a kunne cikin tsakar rana, fentin na ƙauri yana ɗiga a yatsu. Dalhatu na gaba da babbar riga, fuskarsa duk cizon sauro, yana koya wa mutane kirarin da za a yi. Sau biyu ana hango ƙura ana ɗaukar guɗa, na farko amalanken jaki ne, na biyu guguwa ce.

Can bayan azahar sai ga babur ɗin kabu-kabu guda yana tangaɗi cikin yashi, a bayansa wani dogon mutum ya naɗe fuska da rawani, jaka a cinya. Rayyanu ne. Ya zaɓi wannan lokaci ne don ya san kowa na kwance cikin inuwa, ya lallaɓa ya shige ɗakin uwarsa ba wanda ya gan shi. Yana ɗago kai ya ga garinsu kaf a tsaye, kowa ya ɗaga jar fitila, ana kiɗa ana amsawa: jar fitila ta Rayyanu ce, ba mai ƙwace ta. A filayen Yamai da Damagaram an yi masa tsiya iri iri, amma bai taɓa zaton garin da aka haife shi zai sayi fenti don ya ci masa fuska ba. Ya ce wa mai babur ya juya. Babur ya juya rabi, yashi ya riƙe shi, suka kife su biyu a gaban makaɗa.

Dalhatu ya ɗago shi yana kakkaɓe masa riga, ya leƙa bayansa ya tambayi ina motar, ina sauran, ko sun tsaya shan esans ne, wato fetur, a Tasawa.

"Wace mota, Baba Dalhatu? Kowa ya kama gabanshi. An kore mu daga shampiyona."

"Ba kai kac ce za ku sauka ba?"

"Ai mun sauka. Mun hwaɗo rukunin ƙasa. Mu ne na ƙarshe tun hwarkon shekara har ƙarshenta."

Kiɗa ya mutu. Liman ya matso a hankali ya tambayi jar fitilar fa. Rayyanu ya ce sunan na ƙarshe ne, ba wata fitila. Mutane suka dubi abin da ke hannunsu, ɗaya bayan ɗaya suka shiga ajiyewa a ƙasa. Dalhatu ya ce lalle an canza dokar bayan ya baro Yamai. Zara'u ta ce daga bayan taro a tambaye shi ko raƙumin ma canza doka ya yi. Dariya ta fashe, irin wadda take cewa ana yi masa in ya juya baya, yau dai a gaban idonsa.

Rayyanu bai yi dariya ba. Ƙamshin nama ya kai masa, ya juya, ya ga farar fata shanye a kan reshe, ga kai a gefe da ƙahonin da ya sani tun suna tsiro. Shi ya yi kiwon san nan yana maraƙi. Ya tambaya da ƙaramar murya ko saboda shi aka yi haka. Ya durƙusa cikin yashi ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Dariyar ta tsaya cak, kunya ta rufe kowa.

A haka Na Allah ya dawo daga daji. Bashiru ya tare shi ya faɗa masa komai a gurguje, yana faɗi yana ja da baya, don kowa ya ga sandar da ke kafaɗarsa. Dalhatu ya lallaɓa ya koma bayan Liman. Tsohon ya dubi fatar, ya dubi fitilun da ke zube, ya dubi wanda ke durƙushe, ya daɗe yana kallonsa.

"An ce mani ɗana za shi sauka," in ji shi. "Ga shi ya sauka. A zuba ma baƙo abinci."

Tsofaffin mata suka dubi juna, don ba a taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Nan take aka shiga kwasar tuwo ana rabon nama. Dalhatu da ya ga sanda ba ta tashi ba, ƙarfinsa ya dawo, ya kutsa gaba da akushi yana cewa shi ya shirya taron, a fara da shi. Na Allah ya tare shi da kan sanda a ƙirji.

"Jira, Dalhatu. Kai ne babba. Babba ƙarshe shika zuwa, kai ka koya muna."

Aka mayar da shi can bayan yara da mai kabu-kabu, Zara'u ta ɗauko fitila guda ta rataya masa a wuya don ya haska wa na baya hanya, ko da yake ba kowa a bayansa sai jan ragon Liman. Da layi ya iso kansa romo ne kawai ya rage da kofato guda. Ya juya kofaton ya ce a Yamai wannan sai manyan baƙi, amma ba wanda ya tsaya jin sauran.

A inuwar kuka Na Allah ya zauna kusa da ɗansa, ba ya kallonsa, shi ma bai taɓa naman ba. Rayyanu na juya loma a hannu ya kasa kai ta baki. Can tsohon ya ce, kamar da garken da ke nesa yake magana, "Wanda ya sauka, ana bari shi sake hawa?"

"Ana bari, Baffa. In ya yi ƙoƙari baɗi."

Na Allah ya tura masa akushin gabansa. "To ci ka ƙoshi. Sa guda gare ni irin wannan, kada shi tahi a banza."